Ɗora tsarin fayil mai rubutu a jere a kan Linux da BSD: me ke faruwa idan ka buga mount?

Akwai tambayar da ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Samaru suke yawan yi idan sun fara taɓa Linux da gaske, musamman masu haɗa 'yar sabar gwaji da tsohuwar kwamfuta a ɗaki. Mutum zai tsara filashi da NILFS2, wani tsarin fayil mai rubutu a jere, ya buga mount, sai ya duba jerin shirye-shiryen da ke gudana ya ga wani abu ya tashi da kansa wai shi nilfs_cleanerd, shi kuma bai kira shi ba. Da ext4, tsarin fayil ɗin da aka saba da shi a Linux, bai taɓa ganin haka ba. Wasu har kashe shi suke yi don suna zaton wani abu ne ya shigo musu. Dan Allah kar a kashe shi, bari in yi bayani tun daga tushe, domin ɗora irin wannan tsarin fayil ɗin aiki biyu ne a dunƙule: nemo inda rubutu ya tsaya, da kuma tada mai shara, wato shi nilfs_cleanerd ɗin. Wanda ya gane biyun nan ya gama da kashi mafi wuya.

Shi mount kansa ba wani abu ba ne mai tsawo. A Unix da danginsa babu zancen C ko D kamar na Windows, bishiya ɗaya ce tak da ta fara daga / kuma komai reshenta ne. Filashin da ka soka yana bayyana a matsayin /dev/sdb1 ko makamancin haka, amma a lokacin tarin bulo-bulo ne kawai na bayanai, ba fayil ba folda. Idan ka buga mount kana ce ma kanel ne, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'urori: karanta wannan na'ura da ƙa'idar tsari kaza, ka nuna min abin da ke ciki a folda kaza. Abin da ke cikin foldar tun da farko zai ɓuya har sai ka sauke da umount, bai goge ba, yana nan. Shi kenan. Rigimar tana cikin "karanta da ƙa'idar tsari kaza" ɗin nan.

Tsarin gargajiya irin su FFS na BSD da ext2 kowane abu yana da mazauninsa na dindindin a kan faifai. Takardar bayanan fayil da ake kira inode tana da wurinta, jadawalin da ke nuna wane bulo ne a cike wane ne babu kowa yana da nasa, folda ma haka. Ka canza fayil, sai a koma ainihin wurin a rubuta sabo a kan tsoho. Matsala biyu ke nan. Ta farko, a kan faifai mai juyawa dole allurar ta yi ta tsalle daga nan zuwa can, masu bincike sun ƙirga cewa ƙirƙirar ƙaramin fayil ɗaya a FFS yana cin aƙalla rubutu 5 a wurare daban-daban kuma kowanne sai allura ta yi tafiya. Ta biyu kuma ita ce wadda mu a nan muka fi sani, a ɗauke wuta an yi rubutu 3 saura 2, to faifan ya shiga halin rabi da rabi, kuma babu wanda ya san ina ne ɓarnar take, dole fsck, shirin duba faifai da gyara shi, ya bi faifan kaf yana dubawa, a babban faifai sai ka je ka yi sallah ka dawo bai gama ba.

A jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, Mendel Rosenblum da malaminsa John Ousterhout suka fito da wata hanya daban, suka gina ta a cikin tsarin Sprite suka gabatar a 1991. Hujjarsu ita ce memorin kwamfuta yana ta ƙaruwa, don haka yawancin karatu daga memori za a riƙa yi, abin da zai rage ma faifai shi ne rubutu, to me zai hana a tara canje-canje a memori sannan a zuba su gaba ɗaya a jere, bayanai da inode da folda duk a layi guda, ba tare da an koma baya an goge komai ba? Sun raba faifan gida-gida, yanki-yanki masu girman kilobayit 512 ko megabayit 1, ana cika yanki a wuce na gaba. A gwajinsu sun samu suna amfani da wajen kashi 70 cikin 100 na saurin faifai wajen rubutu, alhali tsarin Unix na lokacin kashi 5 zuwa 10 yake iya ci.

Ka ɗauki littafin bashi na mai shago a kasuwar Sabon Gari. Ba ya goge layi. An karɓi mudu 2 na shinkafa ya rubuta, an kawo rabin kuɗi jibi ba ya komawa shafin baya ya kankare, sabon layi yake ja a ƙasa ya rubuta abin da ya rage. Layin ƙarshe shi ne gaskiya, na baya tarihi ne. Rubutu ba wuya, kullum ka san inda biro zai sauka. Amma fa idan yaron shago ya zo da safe maigida ba ya nan, aka ce masa nawa ake bin wane, ta ina zai fara? Wannan ita ce tambayar da mount yake amsawa.

Tunda inode ba shi da mazauni, duk lokacin da fayil ya canza sabon inode ɗinsa yana sauka a wani sabon wuri, sai aka yi taswira mai nuna inda sabon kowane inode yake. To ita ma taswirar cikin jeren ake rubuta ta, ita ma yawo take yi. Dole dai a samu abu ɗaya da ba ya motsi, shi ne wurin da ake rubuta zango, wato ɗan bayanin da ke cewa zuwa wannan lokaci komai ya daidaita, ga inda guntayen taswira suke, ga yankin da rubutu ya tsaya. A Sprite duk daƙiƙa 30 ake rubuta shi. Kuma dabarar da ta fi burge ni a duk lamarin ita ce wuraren zangon guda 2 ne, ana rubuta su bi da bi, wannan karon na farko, karo na gaba na biyu, kowanne da hatimin lokaci. Idan wuta ta tafi ana tsakiyar rubuta ɗaya, ɗayan yana nan lafiya lau. Ba za a taɓa lalata duka biyun a lokaci guda ba domin ba a taɓa su tare.

Saboda haka idan ka buga mount, kanel yana karanta babban bulo na farkon faifai don ya tabbatar da irin tsarin da girman yankuna, sai ya duba zangon nan biyu ya ɗauki wanda ya fi sabunta kuma ya cika. In an sauke faifan lafiya a baya, magana ta ƙare a nan, cikin ƙiftawar ido. In kuwa ɗauke wuta aka yi, akwai rubutun da ya sauka bayan zangon ƙarshe wanda taswira ba ta san da shi ba tukuna, sai kanel ya bi jeren daga zangon zuwa gaba yana karanta taƙaitaccen bayanin da ke kan kowane guntun rubutu, yana duba lambar jeri da lissafin tantancewa, wanda ya cika ya karɓe shi ya gyara taswira, inda ya tarar da guntun da aka yanke a tsakiya sai ya tsaya ya watsar da shi. Ka ga ba faifan duka ake bi ba, wutsiyar kawai, shi ya sa faifai ko terabayit nawa ne farfaɗowar ba ta daɗewa.

A nan wani zai ce ai ext4 ma yana da jona kuma shi ma yana farfaɗowa da sauri. Gaskiya ne, amma ba abu ɗaya ba ne. A ext4 jonar ɗan wurin ajiya ne na wucin gadi, a rubuta niyya a can sannan a je a rubuta a mazaunin dindindin, daga baya a sake amfani da wurin jonar. A tsarin da muke magana babu wani mazauni na biyu, jeren shi ne faifan gaba ɗaya.

Kar kuma a ɗauka sihiri ne. Abin da ke memori bai kai faifai ba lokacin da wuta ta tafi, ya tafi kenan. Abin da tsarin ya yi maka alkawari shi ne zai dawo da kai wani matsayi mai daidaito, ba rabi da rabi ba. Shirin da ke son tabbacin rubutunsa ya sauka dole ya kira fsync, umarnin da ke tilasta sauke rubutu kan faifai, musamman a F2FS, wani tsarin mai rubutu a jere da za mu zo kansa, inda bin wutsiyar yake dawo da abin da aka yi ma fsync kawai.

To mu zo aikace. A Linux wanda ya fi kusa da ainihin tunanin Bakli shi ne NILFS2, kamfanin NTT na Japan ya yi shi, ya shiga kanel 2.6.30 a 2009. A Ubuntu ko Debian kayan aikinsa suna cikin nilfs-tools. Kafin komai buga lsblk ka kalli sunan na'urarka da idonka sau biyu, domin mkfs, mai tsara faifai sabo, ba ya tambayar ko project ɗinka na shekarar ƙarshe ne a ciki.

sudo mkfs -t nilfs2 /dev/sdb1
sudo mkdir /mnt/ajiya
sudo mount -t nilfs2 /dev/sdb1 /mnt/ajiya

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne mount ba ya zuwa wurin kanel kai tsaye a nan. Yana duba ko akwai ɗan mataimaki mai suna mount.nilfs2, in akwai ya miƙa masa aikin, shi ne zai ɗora faifan sannan ya tada nilfs_cleanerd. In ba ka saka kayan aikin ba, ko ka sa -i wanda ke hana kiran mataimaki, faifan zai ɗoru sumul kana rubutu kana karatu, amma babu mai shara, kuma babu abin da zai yi maka ihu. Don haka bayan ɗorawa ina ba da shawarar ka buga findmnt /mnt/ajiya ka ga zaɓuɓɓukan da aka ɗora da su, sannan pgrep -a nilfs_cleanerd ka tabbatar yana raye. Idan mount ya ƙi, dmesg ne zai faɗa maka dalili na gaskiya, saƙon da mount yake bugawa a allo sau da yawa a dunƙule yake. In ya ce bai san irin tsarin ba, gwada modprobe nilfs2.

Me ya sa na dage a kan mai sharan nan? Koma ga littafin mai shago. Tunda ba ya gogewa, wata rana shafuka za su ƙare, alhali yawancin layukan baya sun mutu, an biya bashin ko an sake rubuta shi a gaba. Dole wani ya zauna ya ɗauki tsohon shafi, ya kwafe layi 2 ko 3 da har yanzu suke da rai zuwa sabon shafi, sannan a samu damar sake amfani da tsohon. Aikin mai shara kenan, yana ɗaukar yanki, a NILFS2 megabayit 8 ne bisa al'ada, ya tantance bulo masu rai, ya kwashe su zuwa bakin jere, ya mayar da yankin fanko. Ba shi, ko ka goge fayil dubu wurin ba zai dawo ba, domin gogewar ma sabon rubutu ne a ƙarshen jere. Mutum ya goge fim mai gigabayit 4 ya buga df don duba sararin faifai ya ga babu abin da ya ragu, sai ya fara zargin filashi.

Ko mai sharan yana aiki ma ba nan take wurin ke dawowa ba. A /etc/nilfs_cleanerd.conf akwai protection_period wanda aka saita a daƙiƙa 3600, awa guda kenan, duk abin da bai kai wannan shekarun ba ba a taɓa shi. Da gangan aka yi haka don ka samu damar dawo da abin da ka goge bisa kuskure. Ga mai ƙaramin filashi da ke rubutu da yawa, awa guda tana iya cika shi tun kafin a fara shara, sai ya rage lambar.

Kuma shara tana da tsada, nan ne raunin tsarin yake, bai kamata a ɓoye ba. Idan faifai ya kusa cika, kowane yanki da mai shara ya ɗauka yawancinsa masu rai ne, sai ya kwashe kashi 90 don ya samu kashi 10, faifan ya koma yi ma kansa aiki maimakon yi maka. Rosenblum da Ousterhout sun rage wannan ta hanyar duba abu biyu kafin a zaɓi yanki, yawan matattun da ke ciki da kuma daɗewar bayanan, domin tsohon bayani da ya daɗe bai canza ba da wuya ya canza gobe, gara a tattara irinsa wuri guda a huta. Duk da haka Margo Seltzer, wadda ta kawo tsarin cikin 4.4BSD a 1993, ta fitar da gwaji tare da abokan aikinta a 1995 da ya nuna a aikin rumbun bayanai mai ƙananan canje-canje barkatai shara tana cinye wajen kashi ɗaya cikin uku na sauri tun faifan yana rabi, aka yi ta muhawara tsakaninta da Ousterhout a kan haka. Ni abin da na ɗauka a ciki mai sauƙi ne, kar ka cika irin wannan faifan har wuya, bar masa sarari ya numfasa.

Ladan wahalar kuma shi ne tunda tsofaffin layuka suna nan, kana iya ɗora jiya. NILFS2 yana yin zango a kai a kai da kansa, buga lscp ka ga jerinsu da lamba da lokaci. Ka ga wanda kake so, misali lamba 57, sai ka mayar da shi hoto na dindindin don kar mai shara ya cinye shi, sannan ka ɗora shi a wata folda daban, na karatu kawai, yayin da ainihin faifan ke ci gaba da aiki:

sudo chcp ss /dev/sdb1 57
sudo mount -t nilfs2 -r -o cp=57 /dev/sdb1 /mnt/jiya

Ka shiga /mnt/jiya ka tarar da babin da ka goge da rana yana zaune yadda yake da safe, ka kwafe abinka. Wallahi ga ɗalibi mai rubuta project wannan kaɗai ya isa dalilin gwada shi. Sharaɗi biyu ne, dole lambar ta zama an mayar da ita hoto tukuna, zango na haka kawai ba ya ɗoruwa, kuma dole da -r. Sannan ka tuna duk hoton da ka ajiye yana riƙe da wurinsa, mai shara ba zai taɓa bulonsa ba, in ka gama da shi sauke shi ka buga chcp cp ka sake shi. Kuma hoto ba madadin kwafi a wata na'ura ba ne, filashin ya mutu duk sun tafi tare.

Ga masu gyaran waya da kwamfuta na wajen PZ da ake kawo ma faifai a ce a ceto bayanai, akwai tarko a nan da ya kamata ku sani. Ɗorawa da -r ko -o ro ba ya nufin ba za a rubuta komai a na'urar ba. Idan ba a sauke ta lafiya ba, kanel na iya yin bin wutsiyar nan ya rubuta gyara tun kafin ya nuna maka fayil ko ɗaya. A kan faifan da ke gargarar mutuwa wannan rubutun na iya zama na ƙarshe. Sa -o ro,norecovery, NILFS2 da F2FS duk sun san shi, in kana son ƙarin tabbaci buga blockdev --setro a kan na'urar tukuna. Mafi kyau ma ka ɗauki kwafin faifan gaba ɗaya ka yi aiki a kan kwafin, na mai kaya ka ajiye shi gefe.

F2FS ɗin da na ambata Samsung ne suka yi shi, Jaegeuk Kim ya jagoranta, ya shiga kanel 3.8 a 2013, kuma wayoyin Android da yawa da shi suke ajiye bayanan mai waya, don haka mai yiwuwa yana aljihunka yanzu haka. An yi shi ne don memorin filashi, wanda shi dama ba ya son a rubuta a kan tsoho sai an goge babban yanki, ka ga rubutu a jere ya dace da halinsa. Yankunansa megabayit 2 ne, yana buɗe jere har 6 a lokaci guda don ya raba bayanai masu yawan canzawa da masu zama, kuma shi ma zango 2 yake ajiyewa. Ɗora shi mount -t f2fs ne kawai bayan mkfs.f2fs daga f2fs-tools, ba za ka ga wani shiri na waje ya tashi ba domin mai sharansa yana cikin kanel, da zaɓin background_gc ake juya shi. Akwai kuma JFFS2 na cikin ƙananan rawuta masu OpenWrt, shi ba ya ajiye taswira a kan na'ura sam, duk ɗorawa sai ya karanta filashin ya sake gina ta a memori, shi ya sa ba ya dacewa da babban wuri.

Ɓangaren BSD kuwa, FreeBSD da OpenBSD sun daɗe da cire nasu, NetBSD ne ya riƙe. A can newfs_lfs ke tsarawa, mount_lfs ke ɗorawa, ko mount -t lfs, kuma shi ma yana tada lfs_cleanerd da kansa sai in ka hana shi da -n. Taswirar inode da jadawalin yankuna suna cikin wani fayil na musamman mai suna ifile wanda mai shara ke karantawa. Don koyo yana da daɗi sosai, jikan ainihin aikin 4.4BSD ne kana gani da idonka, amma ni ba zan ɗora masa abin da ba ni da kwafinsa ba, masu amfani da shi kaɗan ne kuma inda masu amfani suka yi kaɗan kurakurai kan daɗe a ɓoye.

Idan kana son faifan ya riƙa ɗoruwa da kansa duk kunnawa sai /etc/fstab. Kar ka rubuta /dev/sdb1 a can, yau sdb ne gobe ka soka wani filashi ya koma sdc, ɗauki UUID, wato lambar shaidar faifan, daga blkid. Layin zai zama UUID ɗin, sai /mnt/ajiya, sai nilfs2, sai defaults,noatime,nofail, sai 0 0. Shi noatime yana hana a yi sabon rubutu don kawai an buɗe fayil an karanta, nofail kuma yana hana kwamfutar tsayawa a hanya in na'urar ba ta soke. Zaɓin da nake roƙon kowa ya guje ma shi ne nobarrier. Za ka ga ana cewa yana ƙara sauri, eh yana ƙarawa, amma duk lissafin zango ya dogara ne a kan cewa bayanai sun sauka kafin a rubuta zangon da ke nuna su, shi kuma wannan zaɓin yana cire umarnin da ke tilasta ma na'ura ta zubar da abin da ta riƙe a ɗan memorinta kafin a wuce. Mai inbata da batir mai kyau zai iya yin kasadar, wanda ke kan layin wutar unguwa a Tudun Wada ko Kongo bai kamata ya ko gwada ba. Wajen cirewa kuma umount /mnt/ajiya tukuna, shi zai tsayar da mai shara ya sa a rubuta zangon ƙarshe, in ya ce wurin na cikin aiki duba da fuser -m ka ga wane shiri ne ya riƙe, sau da yawa tagar tamina ce da ka bari a cikin foldar, fita daga ciki ka sake bugawa, ka jira ya dawo maka da layi kafin ka zare.